Su Wane Ne 'Ya'yan Ibrahim? Darasi a Kan Asalin Yahudawa da Gwajin Jini

Nassin karatu: Romawa 11:13-24 da Galatiyawa 3:6-29
Ayar haddacewa: Galatiyawa 3:29

Gabatarwa

 Darasinmu na wannan karo ya taso ne daga wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga Garwa. Ya ce wani baƙon mai wa'azi ya sauka a unguwarsu, ya gaya musu cewa kabilarsu tana cikin kabilun Isra'ila goma da suka ɓace, har ya ce akwai gwajin da ake yi da yawu ko jini wanda zai tabbatar da haka. Tun daga ranar waɗansu matasa a ikilisiyarsu suka fara ganin kansu gaba da sauran masu bi. Ɗaya ya daina zuwa sujada ran Lahadi, wani kuma yana tara kuɗin aika yawunsa ƙasar waje, alhali bai biya kuɗin makarantar 'ya'yansa ba.

Ɗan'uwan ya yi tambaya biyu. Mene ne wannan gwaji ya nuna game da asalin Yahudawa? In kuwa aka sami jininsu a jikin mutum, wannan zai ƙara masa matsayi a gaban Allah? Bari mu ɗauki tambayoyin nan a hankali. Mai bi ba ya tsoron bincike na gaskiya, gama Allah ne ya yi jikin da ake bincikawa.

1. Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Labarin Isra'ila ya fara da mutum ɗaya. Allah ya kira Ibrahim daga Ur ta Kaldiyawa, a ƙasar Iraƙi ta yau, ya kai shi Kan'ana, ya yi masa alkawari cewa ta wurinsa dukan kabilun duniya za su sami albarka (Farawa 12:1-3). Alkawarin ya bi ta kan Ishaku da Yakubu, 'ya'yan Yakubu goma sha biyu kuma suka zama kabilun Isra'ila. Sunan nan Bayahude daga Yahuza ya fito, ɗan Yakubu na huɗu.

Amma ku lura da wani abu da masu wa'azin jini ba su cika faɗa ba. Tun daga farko gidan Isra'ila yana karɓar baƙi. Matar Yusufu, Asenat, Bamasariya ce, saboda haka kabilu biyu, Ifraimu da Manassa, uwarsu 'yar Afirka ce (Farawa 41:50-52). Ranar da Isra'ilawa suka fita Masar, taron mutane na waɗansu kabilu sun bi su (Fitowa 12:38). Musa ya auri mace daga Kush, da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan auren, Allah bai goyi bayansu ba (Littafin Ƙidaya 12). Rahab Bakan'aniya ce, Rut kuwa 'yar Mowab ce, duk da haka Matiyu ya sa sunayensu cikin asalin Yesu kansa. A zamanin Esta mutane da yawa a daular Farisa sun shiga cikin Yahudawa (Esta 8:17).

Wato Littafi Mai Tsarki ya nuna mana abu biyu tare. Isra'ila iyali ne na ainihi mai tushe ɗaya a ƙasa ɗaya. Iyalin kuma ƙofarsa ba a rufe take ba. Ku riƙe waɗannan biyu, za mu sake gamuwa da su.

2. Yadda suka warwatsu

A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutane da yawa na mulkin arewa. Daga nan ne maganar kabilu goma da suka ɓace ta samo asali. Sai dai ba dukansu aka kwashe ba. Bayan wannan, mutane daga Ashiru da Manassa da Zabaluna sun zo Idin Ƙetarewa a Urushalima a zamanin sarki Hezekiya (2 Tarihi 30:11). Tsohuwar nan Hannatu da ta ga jariri Yesu a Haikali, daga kabilar Ashiru take (Luka 2:36).

A 586 kafin haihuwar Almasihu Babilawa suka rushe Urushalima. A 538 sarki Sairus ya ba da izinin komawa, amma da yawa suka yi zamansu a Babila. Waɗansu suka gangara Masar. A tsibirin Elefantin, kusa da Aswan, akwai sojojin Yahudawa da iyalansu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, an kuma tono wasiƙunsu. A Iskandariya aka juya Attaura zuwa Helenanci. Saminu wanda ya ɗauki gicciyen Yesu mutumin Kurane ne, a Libiya ta yau. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu Romawa suka rushe Haikali, warwatsuwar ta ƙaru.

Da haka aka sami manyan rassa. Waɗanda suka zauna Jamus da Folan da Rasha ana ce musu Ashkenazi. Waɗanda suka zauna Sifen har aka kore su a 1492 ana ce musu Sefardi. Na Iraƙi da Iran da maƙwabtansu ana ce musu Mizrahi. A wannan gefe namu, Yahudawa 'yan kasuwa sun zauna a Tuwat, cikin hamadar Aljeriya ta yau, a kan hanyar fatake, har wajen 1492 da aka rushe majami'arsu a Tamantit. Wajen 1860 kuma wani malamin Yahudawa daga Maroko, Mordekai Abi Serur, ya yi zaman kasuwanci a Tumbuktu.

3. Mene ne wannan gwaji?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikinsu akwai wani abu kamar zare mai tsawo wanda masana ke kira DNA. A kansa aka rubuta gadon jiki, irin su launin fata da tsawo da kamannin fuska. An naɗe zaren nan ƙulli 46, wato 23 daga uba, 23 daga uwa. A 2003 aka kammala babban aikin karanta wannan rubutu, shugaban aikin kuwa, Likita Francis Collins na Amurka, mai bi ne. An gano cewa kowane mutum biyu a duniya rubutunsu ɗaya ne wajen kashi 99.9 cikin ɗari. Mai karatun Ayyukan Manzanni 17:26 ba zai yi mamaki ba, gama can Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa tushen dukan al'ummai ɗaya ne.

Cikin ƙulle-ƙullen nan akwai ɗaya da ake kira Y, wanda namiji kaɗai ke da shi. Uba yana ba ɗansa, ɗan ya ba nasa ɗan, kamar yadda tsagar gado take bin gidan uba. Akwai kuma wani ɗan guntun zare da kowa yake gāda daga uwarsa kaɗai. Jifa-jifa ƙaramin canji yakan auku a zaren, sai ya zama alama ga dukan zuriyar da ta biyo baya. Waɗannan alamu masana suke bi.

To, ga iyakar gwajin. Kana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In ka koma tsara 10 baya, gurabun kakanninka 1,024 ne. In ka koma tsara 20, sun wuce miliyan ɗaya. Alamar Y tana ba da labarin mutum ɗaya ne tak cikin wannan taro. Matiyu ya lasafta tsara 42 daga Ibrahim zuwa Almasihu, balle zuwa yau. Ba wanda ya taɓa gwada ƙasusuwan Ibrahim ko na Yakubu. Saboda haka babu takardar gwaji da za ta iya ce maka kai daga kabilar Dan ko ta Gad kake. Abin da gwaji ke yi shi ne kwatanta ka da mutanen da aka riga aka gwada, masu rai da waɗanda aka tono daga tsofaffin kaburbura.

4. Abin da gwajin ya nuna game da Yahudawa

Na fari, zuriyar firistoci. A wajen Yahudawa, zama firist gadon uba ne daga Haruna, har yau akwai iyalai masu sunan Kohen. A 1997 Likita Karl Skorecki na Haifa da Michael Hammer na jami'ar Arizona da abokan aikinsu suka buga bincike da ya nuna cewa mazan irin waɗannan iyalai, na Turai da na gabas, da yawansu alamar Y ɗinsu iri ɗaya ce. Binciken 2009 ya nuna kusan rabinsu suna kan reshe ɗaya. Wannan ya nuna lalle an riƙe gadon nan shekaru masu yawa. Amma sauran rabin ba sa kan reshen, babban reshen kuma akwai shi da yawa a cikin Larabawa.

Na biyu, dangantakar rassan. A 2010 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya tare da Doron Behar, ɗaya tare da Gil Atzmon da Harry Ostrer, suka duba dukan zaren gado. Sun tarar Ashkenazi da Sefardi da Mizrahi suna da dangantaka da juna, suna kuma da tushe a Gabas ta Tsakiya. Kowane reshe kuma ya gauraya da mutanen ƙasar da ya zauna.

Na uku, Yahudawan Turai. Kusan rabin gadonsu daga Gabas ta Tsakiya yake, rabi daga Turai, musamman kudancinta. Binciken 2013 ya nuna yawancin layukan iyayensu mata na Turai ne, wato mazan da suka yi ƙaura sun auri matan ƙasar, matan suka shiga addinin. Binciken 2014 ya nuna cewa shekara 600 zuwa 800 da suka wuce adadinsu ya ragu ƙwarai, har miliyoyin da ke raye yau sun fito daga kamar mutum 350. A 2022 aka gwada haƙoran mutum 33 daga makabartar Yahudawa ta ƙarni na 14 a garin Erfurt na Jamus, aka ga suna da dangantaka ta kusa da Ashkenazi na yau.

Na huɗu, maƙwabta. A 2020 aka buga sakamakon gwajin ƙasusuwan mutum 73 na zamanin Kan'aniyawa, daga Magiddo da waɗansu wurare. An ga Yahudawan yau da Larabawan yankin duka sun gāji babban kashi daga irin mutanen nan. Samariyawa ma, waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba yanzu, suna zaune a Dutsen Gerizim da garin Holon, layin mazansu yana kusa da na Yahudawa.

Kun ga abin nan biyu sun sake fitowa. Tushe ɗaya a ƙasar Kan'ana, da baƙi da suka yi ta shigowa. Wanda ya ce Yahudawan yau ba su da alaƙa da Isra'ila ta dā ya yi kuskure. Wanda ya ce jininsu bai taɓa gauraya ba shi ma ya yi kuskure.

5. A nan Afirka

A Habasha akwai jama'ar da ake kira Beta Isra'ila, waɗanda suka riƙe Asabar da dokokin Musa ɗaruruwan shekaru. Gwaji ya nuna gadon jikinsu ya fi kusa da na sauran Habashawa. Duk da haka a 1973 babban malamin Yahudawa Ovadia Yosef ya yanke cewa su Yahudawa ne, a watan Mayu 1991 kuma aka kwashe fiye da 14,000 daga Addis Ababa zuwa Isra'ila cikin kamar awa 36. A dokar Yahudawa, Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin ta hanyar da aka tsara. Su kansu ba da kwalbar yawu suke aunawa ba.

A Zimbabuwe da Afirka ta Kudu akwai Lemba, masu kaciya, ba sa cin alade, suna cewa kakanninsu daga wani wuri mai suna Sena suka zo. Gwaji ya nuna lalle fiye da rabin layukan mazansu daga Gabas ta Tsakiya suke, layukan mata kuwa na Afirka ne. A shekara ta 2000 aka zaci alamar firistoci ce aka samu a gidansu na Buba, amma bincike mai zurfi daga baya bai iya rabe ko kakannin nan Yahudawa ne ko Larabawa ba.

A Yuganda, kusa da Mbale, akwai Abayudaya, waɗanda suka shiga Yahudanci a 1919 tare da shugabansu Semei Kakungulu. A nan Kamaru ma, a garin Sa'a arewa da Yawunde, waɗansu da dā Kirista ne sun koma bin Yahudanci tun 1998. Waɗannan zaɓi suka yi na addini, ba gwajin jini ya kai su ba.

6. Mu fa, mutanen arewacin Kamaru?

Son jingina asali da gabas tsohon abu ne a ƙasashenmu. Hausawa suna da labarin Bayajida daga Bagadaza. Barebari suna kai gidan sarautarsu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Fulani da yawa suna ambaton Ukuba. A 1912 wani jami'in mulkin mallaka na Faransa, Maurice Delafosse, ya rubuta cewa Fulani zuriyar Yahudawa ne da mutanen Sham da suka ratso hamada. A zamanin nan Turawa da yawa sun ɗauka duk abin kirki da suka gani a Afirka daga waje ya zo. Bincike bai tabbatar da maganarsa ba. Fulatanci ɗan'uwan harsunan Serer da Wolof ne na Sanagal. Gwaji kuma ya nuna yawancin gadon Fulani na Afirka ta Yamma ne, tare da wani kashi daga Afirka ta Arewa.

Akwai wani abin mamaki na gaske da aka samu a ƙasarmu. A 2010 Fulvio Cruciani na jami'ar Roma da abokan aikinsa suka buga bincike a kan wata alamar Y mai suna R1b-V88. Danginta na nesa su ne suka fi yawa a cikin mazan Yammacin Turai. Amma wannan reshe, inda ya fi yawa a duniya shi ne arewacin Kamaru da kewayen Tafkin Chadi. Cikin mazan Uldeme na duwatsun Mandara da aka gwada, fiye da 9 cikin 10 suna da ita. Tana da yawa a cikin Mafa da Giziga da Gidar, akwai ta kuma a cikin Hausawa. Mai neman hujja zai iya cewa ai ga shaidar Isra'ila. Ba haka ba ne. Manyan layukan mazan Yahudawa dabam suke. Bisa lissafin masana kuma, alamar nan ta iso yankinmu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna, wato tun ba a haifi Ibrahim ba.

Saboda haka, ɗan'uwa na Garwa, babu binciken da ya nuna wata kabila a bakin Binuwai ko a duwatsun Mandara ita ce kabilar Isra'ila da ta ɓace. Wannan kuwa ba abin baƙin ciki ba ne. Allah ya san kakanninmu tun suna kiwo a inda yau rairayi ne, shi ya ƙayyade musu zamani da wurin zama.

Akwai labarin da ya fi wannan amfani gare mu. A Kano, a ƙarni na 19, wani malami mai suna Ibrahim ya yi ta nazarin abin da aka faɗa game da Annabi Isa har ya tara almajirai, aka kira su Isawa. An kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi, almajiransa suka warwatsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau, aka san su da sunan Bani Isra'ila. Wajen 1913 waɗansu daga cikinsu suka iske Likita Walter Miller a Zariya suna neman ƙarin sani game da Isa. Suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa, waɗanda suka ragu daga baya suka koma Wusasa. Mutanen nan 'yan ƙasa ne kamar mu. Yunwar sanin Almasihu ce ta kai su gare shi, ba takardar asali ba.

7. Mangwaro mai aure

Yanzu mu zo tambaya ta biyu. Ko da gwaji ya nuna kana da kaka Bayahude, me wannan zai ƙara maka a gaban Allah?

Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi masu taƙama da Ibrahim, ya nuna musu duwatsun bakin Urdun, ya ce Allah yana da ikon tā da zuriya daga cikinsu (Matiyu 3:9). Yesu ya gaya wa waɗansu cewa ɗan Ibrahim na gaske ana gane shi ta wurin aikinsa (Yahaya 8:39). Mu ma mukan ce kyan ɗa ya gāji ubansa, abin da Ibrahim ya bari na gado kuwa bangaskiya ce. Bulus yana da asalin da ba mai ja. Daga kabilar Biliyaminu yake, an yi masa kaciya a rana ta takwas. Duk da haka ya lasafta wannan duka hasara saboda sanin Almasihu (Filibiyawa 3:4-8). Ya kuma umarci Timoti da Titus su hana mutane ɓata lokaci a kan jayayyar asali, domin gardama take haifarwa (1 Timoti 1:4, Titus 3:9).

A Romawa 11 Bulus ya yi misali da itacen zaitun. Ba mu da zaitun a nan, amma masu lambu a bakin Binuwai sun san yadda ake yi wa mangwaro aure. Ana yanko reshe daga itace mai 'ya'ya masu kyau, a tsaga jikin ƙaramin mangwaro na gida, a haɗa, a ɗaure. In ya kama, reshen zai riƙa shan ruwa daga saiwar da ba tasa ba. Ku lura, mai lambu reshe mai kyau yake ɗorawa a kan gindi na banza. Allah kuwa ya juya abin. Gindin ne mai kyau, wato alkawarin da ya yi wa Ibrahim, mu al'ummai kuma rassan jeji ne. Bulus da kansa ya ce wannan ya saɓa wa yadda aka saba (aya 24). Wannan shi ne alheri.

Misalin nan yana kashe fahariya iri biyu. Reshen da aka ɗaura ba ya bukatar ya yi ƙaryar cewa a nan ya tsiro, gama ruwan da yake sha daidai yake da na sauran. Ba shi kuma da bakin raina rassan asali, gama saiwa ce take ɗauke da shi. Galatiyawa 3:29 ta rufe maganar: wanda yake na Almasihu an riga an lasafta shi zuriyar Ibrahim, magājin alkawari.

8. Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, kada mu sayi abin da aka ba mu kyauta. In kana so ka san tarihin kakanninka, ba zunubi ba ne. Amma kada ka hana iyalinka abinci da makaranta domin neman matsayin da jinin Yesu ya riga ya ba ka. Wanda kuma ya ce sai ka koma ƙarƙashin Shari'ar Musa kafin ka cika, ka karanta masa Ayyukan Manzanni 15, inda manzanni suka riga suka yanke wannan magana.

Na biyu, kada mu ƙi Yahudawa, kada kuma mu ƙi Larabawa. Ubangijinmu Bayahude ne bisa ga jiki, haka uwarsa da manzanninsa. Auna mutane da jini ya taɓa jawo masifa mai girma. A 1935 gwamnatin Hitila a Jamus ta kafa dokar ƙidaya kakannin mutum don a san ko Bayahude ne, ƙarshenta aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, a ƙasashen da ke cike da majami'un Kirista. Mu yi addu'a domin 'ya'yan Ishaku da 'ya'yan Isma'ilu duka, da 'yan'uwanmu masu bi da ke cikinsu.

Na uku, mu duba gidanmu. Maganar asali ba ta Yahudawa kaɗai ba ce. Tun zamanin da Modibbo Adama ya kafa mulkinsa a ƙarni na 19, an yi yaƙe-yaƙe da kamun bayi a ƙasar nan, tabon bai gama warkewa ba. Har yanzu akan ji ana ce wa wani kirdi, ana ce wa wani ɗan bayi. A wajen Mafa da Kapsiki, al'adar dā ta ware gidan maƙera, ba a aurensu, ba a ci da su a ƙwarya ɗaya. Tambayar ita ce, waɗannan sun tsaya a ƙofar majami'a ko sun shigo tare da mu? In saurayi mai bi, mai hali nagari, ya zo neman 'yarka, me kake fara tambaya, bangaskiyarsa ko gidansu? In za a zaɓi dattijon ikilisiya, halinsa ake dubawa ko harshensa? In Bafulatani ya ba da gaskiya, danginsa suka juya masa baya, wa zai buɗe masa ɗaki? Dukanmu a gindi ɗaya aka ɗaura mu, ƙoƙo ɗaya muke sha a teburin Ubangiji.

Na huɗu, ga matasan da suka bi maganar baƙon nan, kada a yi musu dariya ko a kore su. Abin da suke nema shi ne su san suna da daraja, musamman waɗanda aka daɗe ana raina kabilarsu. Dattawa su zauna da su, a buɗe Afisawa 2:11-22 tare, su ga cewa wanda dā yake bare yanzu ɗan gida ne a iyalin Allah.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ambaci baƙi uku da suka shiga gidan Isra'ila a Tsohon Alkawari. Me ya shigar da su?
2. Don me gwajin jini ba zai iya nuna cewa mutum daga wata kabilar Isra'ila yake ba?
3. Bisa ga Romawa 11:18-20, wane hali ya kamaci reshen da aka ɗaura?
4. A ikilisiyarku, akwai wanda ake rainawa saboda asalinsa? Me za ka yi a kai a wannan mako?

Addu'a

Ya Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, mun gode maka domin ka cika alkawarinka, ka aiko Mai Ceto ta wurin gidan Isra'ila. Mun gode domin mu da muke rassan jeji ka ɗaura mu a gindi mai kyau. Ka gafarta mana inda muka yi taƙama da asali, da inda muka raina wani saboda gidan da aka haife shi. Ka ba da salama ga Yahudawa da maƙwabtansu. Ka haɗa kan ikilisiyarka a Garwa da Marwa da Ngaundare da dukan ƙasarmu, har ranar da kowace kabila da kowane harshe za su tsaya a gaban kursiyinka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.